Kiwon gwando da sauran kifaye mafarauta a akwatin gilashi: Abinci, ruwa da jinyar rauni

Masuntan Tafkin Chadi da na Kogin Neja sun daɗe da sanin gwando, kifin nan mai dogon jiki kamar maciji da ɓawo mai tauri kamar sulke, wanda ƙananan fukafukai suka jeru a gadon bayansa tamkar haƙoran zarto. A bakin ruwa darajarsa ba ta kai ta giwan ruwa ko ɗan sarki ba. Amma a shagunan sayar da kifin ado na Turai da Amurka da Asiya haja ce da ake nema, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da ake fitar da shi daga cikinsu. Masana suna kiran jinsinsa Polypterus, wanda kuma ya fi yawa a hannun masu kiwo shi ne Polypterus senegalus.

Gwando mafarauci ne, abincinsa nama. Haka tufi da tsage da minjirya suke, haka kuma oska, wanda asalinsa yankin Kogin Amazon ne a Kudancin Amurka. Abin da ke jan hankalin mai saye zuwa irin waɗannan kifaye shi ne kwarjininsu da yadda suke cafke abin da suka farauto, don haka ake ajiye su a akwatin gilashi, wato akwariyom, a falo ko ofis ko harabar otel. Gwandon da ya samu kulawa yakan haura shekara 10 a raye. Idan kuwa ya mutu cikin 'yan watanni, to a binciki abin da aka ciyar da shi da ruwan da ya zauna a ciki, domin galibi a nan dalilin yake. Waɗannan abubuwa biyu su ne kuma ke yanke hukunci a kan ko raunin da ya samu zai warke ko zai yi ajalinsa.

Halittar da ke gaya wa mai kiwo abin yi

Gwando na da huhu guda biyu, ƙari a kan mashaƙar da ke ƙarƙashin kumatunsa, wadda kifaye ke numfashi da ita a cikin ruwa. Lokaci zuwa lokaci yakan taso saman ruwa ya zuƙi iska ta baki ko ta wasu ƙananan kafofi biyu da ke bisa kansa. Wannan baiwa ce ta ba shi damar zama a fadama da tafkunan da iskarsu ta yi ƙaranci. A shekarar 2014 mujallar Nature ta wallafa binciken wasu masana na Jami'ar McGill da ke Kanada, waɗanda suka reni 'ya'yan gwando a wajen ruwa, cikin damshi da feshi, har tsawon wata 8. Kifayen sun rayu, sun kuma ƙware wajen tafiya a kan fukafukan ƙirjinsu fiye da 'yan'uwansu da suka tashi a ruwa.

Darasin farko ga mai kiwo ke nan: kifin da ke iya tafiya a ƙasa zai fita daga akwati ta duk kafar da ya samu. Dole murfi ya rufu ruf, ya yi nauyi, a kuma toshe ramukan da waya da tiyo ke bi. Sai dai kada a cika akwatin har baki. A bar tazarar yatsu uku ko huɗu tsakanin ruwa da murfi, domin gwandon da aka hana shaƙar iska na iya shaƙewa alhali yana cikin ruwa.

Idanunsa ba su da ƙarfi. Da ƙanshi yake farauta, ta hanyar wasu 'yan bututu biyu da ke kan hancinsa, kuma da dare ya fi walwala. Saboda a ƙasan ruwa yake rayuwa, faɗin akwati ya fi zurfinsa muhimmanci. Gwando ɗaya irin na senegalus, wanda kan kai santimita 30 a akwati, na buƙatar wuri mai tsawon santimita 120 da ke ɗaukar kimanin lita 200. A shimfiɗa rairayi mai laushi a ƙasa. Tsakuwa na da haɗari, domin yakan zuƙe ta tare da abinci ta toshe masa hanji.

Illar ciyarwa da kifi mai rai

Mutane da yawa sun ɗauka cewa mafarauci ba ya ƙoshi sai ya kama mai rai. Don haka sukan sayi ƙananan kifaye masu araha su zuba masa, a tsaya ana kallo. Wannan ɗabi'a na jawo illa ta fuskoki da dama.

Ta farko ita ce cuta. Kifin da ake sayarwa don a cinye shi ba a kashe kuɗi wajen kula da lafiyarsa, kuma a cunkushe ake ajiye shi. Duk wanda aka jefa cikin akwati yana iya shigo da ƙwayar cutar fararen ɗigo, wadda ke sa jikin kifi ya yi kamar an barbaɗa masa gishiri, ko kwarkwatar kifi, ko tsutsar da ke kafa kanta a cikin tsoka. Mai kiwon da ke saka sababbin kifaye kowane mako, kowane mako yake buɗe wa cuta ƙofa.

Ta biyu ta fi ɓoyuwa. Kifin zinare da danginsa, da kuma jatan lande, suna ɗauke da wani sinadari mai suna tayaminez, wanda ke lalata bitamin B1. Kifin da aka ɗora a kan irin wannan abinci kaɗai cikinsa na cika, jikinsa kuwa na rasa bitamin ɗin a hankali. Bayan watanni sai ya fara ƙin abinci, ya riƙa rasa daidaito wajen iyo, wani lokaci har da karkarwa. Sanya abincin a firiza ba ya kashe wannan sinadari.

Ta uku ita ce rauni. Ɗan tarwaɗa ko kurungu na da ƙaya mai kaifi a fukafukansa, wadda yake miƙewa idan an kama shi, kuma tana iya kafewa a maƙogwaron mafarauci. Haka nan gudun farauta a wuri ƙunci kan sa kifi ya daki gilashi ko dutse ya fasa baki.

Naman shanu da na kaza ma ba su dace su zama abincin yau da kullum ba. Jikin kifi ba ya sarrafa kitsen dabbobin tudu yadda ya kamata, sai kitsen ya taru a hantarsa. Kifin kan yi ƙiba, mai shi ya yi murna, alhali hantar tana lalacewa.

Abin da ya kamata ya ci

Ginshiƙin abincin kifi mafarauci shi ne ƙwayar abinci da aka haɗa musamman don masu cin nama, mai furotin kashi 40 zuwa 50 cikin 100, domin an zuba mata bitamin da ma'adinan da tsokar kifi zalla ba ta da su. Ga gwando, mai nutsewa ake so. Abincin tarwaɗa da ake sayar wa masu gonar kifi na iya tsayawa a madadi na ɗan lokaci, amma a tuna an tsara shi ne don kifi ya yi nauyin kasuwa cikin 'yan watanni. Kifin da ake fatan ya shekara 10 ba a ɗura masa shi kamar yadda ake yi a gona. A jiƙa shi ya nutse, a kuma rage yawansa.

A kan wannan ginshiƙi ake ƙara sauran abinci don sauyin baki: yankakkiyar tsokar karfasa da ta kwana biyu a firiza, tana da aka tono daga ƙasar da ba a yi wa feshi ba, gyare, shinge a lokacin damina, da jatan lande jifa-jifa. Fara ma abinci ce mai kyau, amma wadda aka kamo a gonar da aka fesa wa maganin ƙwari guba ce. Daskarewa na kashe tsutsotsi da yawa, ko da yake ba ta kawar da bakteriya, don haka a narkar da abin da za a ci kawai, kada a mayar da ragowa.

Ɗan kifi mai girma yana cin abinci sau ɗaya ko sau biyu a rana. Babba kuwa sau 2 ko 3 a mako ya wadatar da shi, domin a kogi ma ba kullum yake samun sa'a ba. Ma'aunin shi ne cikinsa ya ɗan taso kaɗan, kada ya yi tulu. Ana ba gwando abinci bayan an rage fitila da almuru, a ajiye masa a wuri ɗaya kullum har ya saba. Duk abin da ya rage bayan kamar minti 15 a tsame shi.

Kifin da aka kamo daga kogi ko wanda ya saba da mai rai zai iya ƙin ƙwayar abinci da farko. Ba a gaggawa a nan. Babban kifi mai lafiya na jure mako guda ba ci ba tare da wata illa ba. Sai a fara da tana, wadda motsinta ke jan hankalinsa, daga nan a koma tsokar kifi da ake girgizawa a bakin dogon hantsaki, sannan a riƙa cusa ƙwayar abinci a cikin tsokar har ya san ƙanshinta. Mai kiwon da tausayi ya sa ya jefa masa kifi mai rai a kwana na uku ya mayar da aikin baya.

Ruwa ba ya tsami banza

Furotin da kifi ya ci yana fita daga jikinsa a matsayin amoniya, mafi yawa ta mashaƙarsa. Mai cin nama ya fi mai cin ganye fitar da ita nesa ba kusa ba, kuma loma ɗaya da ta ruɓe a bayan dutse na ƙara yawanta. Amoniya guba ce da ke ƙona mashaƙa da fata, dafinta kuma na ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi ko ya yi kanwa-kanwa.

Abin da ke kawar da ita wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da ke zaune a cikin soson matatar ruwa. Rukuni ɗaya na mayar da amoniya naitirait, wanda shi ma guba ne domin yana hana jini ɗaukar iska. Wani rukunin na mayar da naitirait naitiret, wanda illarsa kaɗan ce matuƙar bai taru ba. Waɗannan ƙwayoyi na ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin su kafu a sabon akwati. Wanda ya sayi akwati da kifi rana ɗaya ya haɗa su, ya saka kifinsa ne a ruwan da babu abin da zai tsarkake shi. Akwai kayan gwaji na ɗigo da ke nuna adadin waɗannan sinadarai. Amoniya da naitirait su tsaya a sifili, naitiret kuma kada ya wuce miligiram 40 a kowace lita.

Naitiret ba ya fita sai da canjin ruwa. A kwashe kashi 25 zuwa 30 cikin 100 kowane mako, ana zuƙe dattin ƙasa da tiyo. Ruwan famfo na hukuma na ɗauke da kulorin, wanda ke kashe bakteriyar matata ya kuma ji wa kifi ciwo, don haka a zuba masa maganin cire kulorin kafin a yi amfani da shi. Ruwan rijiya ko na burtsatse kuwa iskarsa kaɗan ce, yana buƙatar a bar shi ya kwana ana hura masa iska. Soson matata a cikin tsohon ruwan akwati ake matse shi. Wanke shi a bakin famfo ko da sabulu na hallaka ƙwayoyin da aka yi makonni ana reno.

Gwando ya fi jin daɗin ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas. A daren hunturu ruwan akwati na iya yin sanyi ƙasa da haka, sai cin abincinsa ya ragu, garkuwar jikinsa ta yi rauni, don haka ana buƙatar hita. A bazara kuma ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai. A nisanta akwati daga taga, a ƙara famfon iska. Ɗaukewar wutar lantarki babbar barazana ce, domin bakteriyar matata na fara mutuwa idan ruwa ya daina gudana ta cikinsu na tsawon sa'o'i. Ƙaramin famfon iska mai batir na ceton akwati, kuma ranar da babu wuta ba a ba da abinci. Kada huhun gwando ya ruɗi mai kiwo: zai iya shaƙar iska daga sama, amma amoniya na ci gaba da cin fatarsa.

Inda rauni ke fitowa

Yawancin raunuka a akwatin mafarauta na da tushe da za a iya gani. Akwai cizon abokin zama, musamman lokacin cin abinci ko idan wuri ya yi kaɗan. Ƙa'idar haɗa kifaye ita ce duk wanda zai shiga bakin wani to abincinsa ne, komai daɗewar zamansu lafiya. Akwai ƙunar hita, domin gwando na son kwanciya a jikinta da dare, abin da ya sa ake sanya mata kariyar roba. Akwai faɗowa ƙasa, da karcewar dutse mai kaifi, da yagewar fukafukai a cikin ragar kamu. Akwai kuma kifin nan mai bakin tsotso da ake sakawa don ya goge gansakukar gilashi, wanda 'yan kasuwa ke kira fileko. Yakan manne wa gwando cikin dare ya tsotse yauƙin jikinsa, har ya bar masa fararen tabo.

Rauni ga kifin ruwan daɗi ya wuce ciwo kawai. Jininsa ya fi ruwan da yake ciki gishiri, kuma fatarsa da yauƙinta su ne katangar da ke tsakani. Idan katangar ta ɓule, ruwa na kwarara cikin jikinsa, gishirin jininsa na fita, sai ƙodarsa ta shiga aikin da ya fi ƙarfinta. Ta wannan kafa kuma bakteriya da fumfuna ke shiga.

Duk da haka jikin kifi na da saurin gyara kansa. A ruwa mai tsabta da ɗumi, ƙwayoyin fatar da ke gefen rauni kan malalo su rufe shi da siririn mayafi cikin sa'o'i ko kwana ɗaya. Yagaggen fiffike da ɓawon da ya fita suna sake tsirowa cikin makonni. Gwando ya yi fice a nan: a 2012 masu bincike a ƙasar Meziko sun nuna cewa yana iya sake tsirar da fiffiken ƙirjinsa ɗungurungum, har da ƙasusuwan ciki, bayan an yanke shi. Idon da ya fashe ne ba ya dawowa, ko da yake kifin da ke farauta da hanci na ci gaba da rayuwarsa da ido ɗaya.

Yadda ake jinya

Matakin farko shi ne kawar da abin da ya jawo raunin, ko abokin faɗa ne ko dutse ko hita. Na biyu shi ne gwada ruwa da canza wani sashe nasa nan take. Ƙaramar yagewa ko karcewa ba ta buƙatar fiye da haka.

Idan raunin ya yi zurfi, ko sauran kifaye na cizon wurin, a keɓe majinyacin. Babbar robar da ba ta taɓa ganin sabulu ba ta isa, muddin tana da murfi. A ɗebo ruwa daga akwatinsa, a sa tsohon soson matata da famfon iska, a ajiye masa guntun bututu ko fasasshiyar tukunyar ƙasa da aka goge bakinta don ya ɓuya, a kuma rage haske. Da kwano ko leda ake ɗaukarsa, ba da raga ba, hannu kuma a jiƙe. Mai rauni a hannu ya sa safar roba, domin akwai bakteriyar kifi mai suna Mycobacterium marinum da ke shiga fatar mutum ta haifar da ƙurji mai wuyar warkewa.

A canza kimanin kashi 20 cikin 100 na ruwan jinya kowace rana da ruwa mai zafi daidai da nasa. Gishiri zalla, wanda ba a gauraya shi da komai ba, na rage wa kifin wahalar daidaita gishirin jininsa. A fara da giram 1 a kowace lita, a narkar da shi a kofi kafin a zuba, kada a wuce giram 3. Kifaye marasa ɓawo irin su minjirya ba sa jure shi sosai, gara a tsaya musu a mafi ƙaranci. Gishiri ba ya bin tururi, don haka ana ƙara shi ne daidai da ruwan da aka kwashe kawai. A dakatar da abinci kwana ɗaya ko biyu, sannan a dawo da shi kaɗan-kaɗan.

Gwandon da aka tsinta a ƙasa ba a yanke masa ƙauna da wuri, ko da jikinsa ya bushe ya kwashi ƙura. A mayar da shi ruwa mara zurfi yadda zai kai hancinsa sama ba tare da wahala ba, a bar ƙurar ta saki da kanta, kada a goge.

Daga nan sai lura. Sabon fiffike kan fito garai kamar leda a gefen da ya yage, wannan alamar sauƙi ce. Idan kuwa gefen ya yi ja, ko fiffiken na ƙara zaizayewa, ko wani abu fari kamar auduga ya tsiro, to cuta ta shiga. Audugar galibi fumfunar Saprolegnia ce, kuma metilin bulu na maganinta, amma a robar jinya kaɗai, domin yana kashe bakteriyar matata. Akwai bakteriya mai kama da ita a ido, Flavobacterium columnare, wadda ke cin baki da fukafukai cikin sauri kuma zafi na ƙara mata ƙarfi. Wannan ne dalilin da ya sa ba a ɗaga zafin ruwa don a hanzarta warkewa ba tare da sanin cutar ba. Gyambo mai zurfi, kumburin ciki ko numfashi da sauri na buƙatar likitan dabbobi. Zuba kafso na mutane a ruwa bisa ƙiyasi ba ya kai magani inda ake so, yana rusa matata, yana kuma taimaka wa ƙwayoyin cuta su bijire wa magani.

Sabon kifi ma majinyaci ne har sai ya tabbatar da lafiyarsa. Gwandon kogi kan zo da wasu siraran tsutsotsi kamar zare a fatarsa, waɗanda ke sa shi goga jiki a rairayi, kuma ana kawar da su da maganin firazikwantel. Keɓe shi na mako 4 kafin ya shiga babban akwati na kare waɗanda ya tarar.

Kafin a saya

Ɗan kifin da ake gani a shago da tsawon yatsa ba haka zai tsaya ba. Ɗan sarki na haura mita ɗaya da rabi, giwan ruwa na kusantar mita 2, tsage kuma na buƙatar filin gudu da akwatin falo ba zai ba shi ba. Wanda kifinsa ya fi ƙarfin akwati sai ya nemi mai wuri mafi girma ko ya mayar wa mai shago. Sakin baƙon mafarauci a dam ko kogi ɓarna ce da ba a iya gyarawa. Giwan ruwan da aka saka a Tafkin Biktoriya a shekarun 1950 ya taimaka wajen ɓacewar nau'o'i masu yawa na ƙananan kifayen da babu irinsu a ko'ina a duniya. Ko kifin gida ne, bayan ya zauna da kifayen ƙetare yana iya kai cutarsu ruwan da masunta ke cin abinci a cikinsa.

Don haka lissafin da ya kamata mai sha'awa ya yi tun a shago shi ne na girman da kifin zai kai, da lita nawa zai iya canzawa kowane mako, da abin da zai kunna famfon iska ranar da aka ɗauke wuta.